Inna Mai Baho da Ƙafafun Babbar Sista

Ranar da aka fara kai ni gaban surukata ban ga fuskarta sosai ba, don kanta na ƙasa. Na durƙusa ina gaishe ta, ina jiran ta tambaye ni iyayena da aikina, sai na ji tana ce wa ɗanta takalmin nan ya matse wa yarinyar nan ƙafa, shi bai gani ba ne? Gaskiya ta faɗa. Aron takalmin na yi wurin ƙanwata don in burge. Ta sa na cire shi, ta turo mini silifas ɗinta, muka ci gaba da hira kamar mun shekara goma da sanin juna. Bayan aurenmu shekara tara na yi gida ɗaya da ita, mu a ɗakuna biyu na baya, ita da Baba a na gaba. Don haka abin da zan faɗa a kanta ba ji na yi ba, gani na yi.

Inna gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai wushirya, kuma in ta yi dariya har maƙwabta sai sun sani. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana shara da goge-goge a sashen mata na wani babban asibiti. Bokiti da tsumma da tsintsiya su ne kayan aikinta. Ba ta gama firamare ba, amma ta kan ce wanda yake goge ƙarƙashin gado yana ganin abin da likita ba ya gani. Ta san majinyaciyar da ke ɓoye magani a cikin matashi, ta san wadda ba a zuwa dubawa. Irin waɗannan takan daɗe tana goge gefen gadonsu, ƙasa ta riga ta yi tsaf amma tsumma bai daina kaiwa da komowa ba, sai hira ta ƙare.

Da ta yi ritaya gidan ya yi mata kaɗan. A wata na farko sau huɗu ta sauya wa kujerun falo wuri. Baba, wanda tsohon direba ne mai son zamansa lafiya da rediyonsa, ya ce shi yanzu kafin ya zauna sai ya waiwaya, kada ya tarar an ɗauke kujerar. Ta wanke labulayen da ba su yi datti ba. Ta kwashe kwanukana ta sake jera mini su yadda ban ƙara gane inda ludayi yake ba. Kowa a gidan yana addu'a Allah ya ba Inna abin yi.

Amsar ta zo wata Lahadi a coci. Akwai wani tsohon kafinta da ya saba zama a layin gaba, shi ne ma ya ƙera rabin bencinan. Sai ya koma zama can baya kusa da ƙofa, ana tashi ya sulale. Kowa na cewa tsufa ne. Inna, da yake idonta ƙasa yake kallo, ta lura ya yanke gaban takalmansa da wuƙa, ya rufe yatsun da safa. Ta bi shi har bakin titi ta tsare shi. Ya yi ta kwana-kwana, a ƙarshe ya faɗa mata: bayansa ya daina lanƙwasuwa kusan shekara biyu, faratan ƙafarsa sun yi tsawo sun nannaɗe sun shiga nama, kuma kunya ta hana shi roƙon 'ya'yansa su yanke masa.

Ranar Talata ta ɗauki shuɗin bahon da nake wa ɗiyata wanka a ciki, ba tare da ta tambaye ni ba, ta tafi gidansa. Ya ce atafau mace sa'ar ƙanwarsa ba za ta durƙusa a gabansa ba. Ta ce masa ta shekara talatin tana durƙusa wa ƙasan asibiti, ƙasan bai taɓa yi mata gardama ba, ya miƙo ƙafa. Awa biyu ta yi tana jiƙawa tana yankewa kaɗan-kaɗan. Lahadi ta gaba sai ga kafinta a layin gaba da takalmi rufaffe, yana waƙa kamar zai tsaga rufin.

Bahon bai ƙara dawowa hannuna ba. Labari ya bazu daga bakin tsoho zuwa bakin tsohuwa, kafin shekara ta zagayo Talata da Juma'a sun zama ranakun zagayenta. Kayanta ba su da yawa: bahon, tawul biyu, sabulu, filas na ruwan zafi, abin yankan farce babba da ƙarami, dutsen goge kaushi, man shafawa, da 'yar guntuwar kujera da kafinta ya ƙera mata. Yaran layi suka sa mata Inna Mai Baho, sunan ya bi ta har coci. Ba ta tambayar mutum inda yake ibada. In an ce akwai tsohon da ba ya iya sunkuyawa, ta sa shi a layi. Baba ne yake kai ta a tsohuwar motarsa, ya yi fakin a inuwa ya kunna rediyo. Yakan ce shi ya tuƙa manyan mutane a zamaninsa, ga shi ƙarshe ya zama direban baho.

Da Fasto ya so ya ambaci aikinta a gaban jama'a, ta same shi a ofis ta ce in ya kuskura ya kira sunanta za ta koma cocin da ke ƙetaren titi. Ni na taɓa tambayarta me ya sa ƙafa, ba abinci ko tufafi ba kamar yadda sauran mata suke yi. Ta ce abinci kowa na iya aikowa da shi a kwano ya juya, amma ƙafa sai ka zauna. Kuma mutum in kana ƙasa da shi, ba ka kallon idonsa, yakan faɗi abin da ya shekara yana haɗiyewa. Sai ta ƙara da cewa Ubangijinta ma ya ɗaura tawul ya yi wannan aikin, ita wace ce. Daga nan ta aike ni in duba ruwan da ta ɗora.

Kada a ɗauka waliyiya nake kwatantawa. Inna tana da faɗa, tana da son a yi abu yadda ta ce, kuma akwai mutum ɗaya da ta riƙe a zuciya fiye da shekara ashirin. Ita ce shugabar nas-nas ta sashensu, wadda kowa ke kira Babbar Sista. Doguwar mace ce, in ta shigo sashen har masu nishi sukan rage murya. Wata rana agogon hannun wata majinyaciya ya ɓata. Babbar Sista ba ta tambayi kowa ba, ta sa aka kawo jakar Inna, ta zazzage ta a tsakiyar ɗakin a gaban majinyata da masu jinya. Burodin da Inna ta ajiye don rana ya gangara ƙarƙashin gado. Ba a ga agogo ba, duk da haka aka ce ta zauna a gida mako biyu. A kwana na uku masu wanki suka tsinci agogon a naɗe cikin zanen gado. Abin da Babbar Sista ta ce mata kawai da ta dawo shi ne ga bokitinta can.

Tun daga lokacin Inna ba ta ƙara kiran matar da komai ba sai "waccan". Ta iya kwaikwayon tafiyarta: haɓa a sama, hannu biyu a baya, ƙafa kamar tana auna ƙasa. Jikokinta sukan roƙe ta ta yi musu, su yi ta birgima don dariya. Baba kuma ya lura cewa duk lokacin da muke addu'ar safe tare, in an iso wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, tari yake kama Inna. Ya sha ajiye mata kofin ruwa a kusa kafin a fara.

Wani hutun makaranta, da yake koyarwa nake yi, ina gida, sai mai kemis na bakin layinmu ya tare Inna. Ya ce akwai wata tsohuwa a hawa na uku na dogon benen da ke bayan gidan waya. Tana da ciwon suga, idonta ya yi rauni, 'ya'yanta suna nesa, matar da ke taya ta aiki kuma ta tafi. Shi yake kai mata magani, ya ga tana jan ƙafa. Gwiwar Baba ba ta son matakala, don haka ni aka ɗora wa baho.

Ranar Talata muka je, muka hau muna haki. Inna ta ƙwanƙwasa. Aka daɗe, sannan muka ji sanda tana dukan ƙasa, ƙofa ta buɗe. Doguwar tsohuwa ce ta ɗan ranƙwafa, gashinta fari fat, tabarau mai kauri a hancinta, amma haɓar tana sama. Ban taɓa ganinta ba, sai dai na sha ganin wannan haɓar a tsakar gidanmu. Ta tambaya ko su wane ne. Inna ta dube ta daga sama har ƙasa. Sai ta maƙale murya ta ce a yi haƙuri, ɓatan ƙofa muka yi. Ta juya ta gangara da saurin da ban san tana da shi ba.

A hawa na biyu na same ta zaune a kan matakala.

"Ita ce ko, Inna?"

"Ita ce. Kin ga ƙafar?"

Na ce ban duba ba.

"Ni na duba," in ji ta. "Ai matsalar ke nan."

Muka koma mota. Baba ya ga baho a bushe, ya ga fuskar matarsa, ya ja mota har gida. Ni na raɗa masa labarin. Kwana biyu Inna tana buga tukwane kamar su suka zazzage mata jaka. Ta ce garin cike yake da nas-nas ɗin da matar ta horar, su je su yi mata. Ta ce 'ya'yanta su dawo mana. Ta ce ita ba ta ƙi ta ba, amma ba dole ba ne. Ba wanda ya ce mata dole ne. Baba dai ya ce da ya san haka tsufa yake rama wa mutum, da bai ɓata bakinsa yana ba ta haƙuri shekara ashirin ba, ta bar matar da ƙafarta kawai, ai an gama shari'a. Inna ta harare shi ta ce wane irin Kirista ne shi, mutum mai ciwon suga ake wa wannan fatan? Baba ya ƙara muryar rediyonsa yana murmushi.

Ranar Juma'a da sassafe na ji tana cika filas. Ta miƙo mini baho.

Wannan karon ta ce mai kemis ne ya aiko mu, har yanzu da maƙalalliyar muryar nan. Ɗakin tsaf yake ta inda hannu ke kaiwa, amma ƙura ta kwanta a ƙarƙashin kujeru, kofuna uku da busasshen shayi suna kan tebur. Hotuna cike da bango, yawancinsu na wata doguwar mace cikin fararen kaya. Babbar Sista ta zauna a kujerar da ke bakin taga, tun kafin a zuba ruwa ta fara ba da umarni. A gwada zafin ruwan da gwiwar hannu, ba da yatsa ba. Kada a jiƙa ƙafar ya wuce minti biyar. A yanke farce a miƙe, kada a bi kwana. A tsane tsakanin yatsu da kyau. Inna tana amsawa da "to" kawai, amma ina ganin jijiyar wuyanta tana motsi.

Ta gama ƙafar dama lafiya. Da ta ɗaga ta hagu ta juya ta wajen haske, sai ta tsaya. A ƙarƙashin babban yatsa akwai gyambo kamar girman ƙwayar wake, gefensa ya yi baƙi. Ta danna kusa da shi ta tambaya ko da zafi. Babbar Sista ta ce ba ta jin komai, mene ne? Inna ta faɗa mata. Ta kuma ce wannan ba aikin baho ba ne, na asibiti ne, kuma yau.

Tsohuwar ta ce ba inda za ta. Ta san abin da za a sa, a rubuta mai kemis ya kawo. Inna ta sake cewa asibiti. Sista ta ce ita ta shekara arba'in tana wanke gyambo, ba mai yankan farce ce za ta koya mata ba. Can dai, da murya ƙasa-ƙasa, ta faɗi ainihin abin: ba za ta shiga asibitin nan a kan keken marasa lafiya ba, da zane a karkace, yaran da ta koya wa ɗaura bandeji suna kallonta.

Nan Inna ta manta da maƙale murya. Ta miƙe da tawul a kafaɗa ta ce ta goge jinin ƙafafu nawa da aka yanke a sashen nan saboda irin wannan taurin kan, kuma Sista da bakinta take yi wa majinyata faɗa a kai. In kunya ce, wadda ta fi ita ce a dawo da ita gida da ƙafa ɗaya. Ta ce mata ta tashi ta sa mayafi.

Babbar Sista ta gyara tabarau.

"To, yanzu kika dawo da muryarki. Na gaji da waccan ta mura."

Inna ta juyo ta kalle ta.

"Tun ranar Talata na gane ki. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Shekara nawa ina jin wannan saurin tafiyar a baranda?"

Saukar da ita daga hawa na uku ya zama abin kallo. Na kira mijina daga wurin aiki, mai kemis ya rufe shago, wani maƙwabci mai gyaran firji ya zo. Suka ɗora ta a kujerar roba suka ɗauka. Tana sama tana ba da umarni, na hagu ya ɗaga, na dama yana karkata, wa ya koya musu ɗaukar majinyaci. Inna tana gaba tana ba da nata umarnin wanda ya saɓa da na Sista. Mijina ya ce bai taɓa shiga tsakanin janar biyu ba sai ranar. Baba yana ƙasa ya buɗe ƙofar mota, ya cire hula ya ce sannu da sauka ranki ya daɗe, ya sha jin labarinta. Ta ce ta tabbata ba mai daɗi ba ne. Ya ce ai ya danganta da wanda ke bayarwa.

A asibiti abin da take tsoro bai faru ba, wani abin daban ne ya faru. Ba wanda ya gane ta. Nas-nas ɗin duk sababbi ne, suka kira ta Kaka, suka tambaye ta ko ta san sunan maganin da take sha. Inna kuwa tun daga bakin get tsohon maigadi ya taso yana gaishe ta, masu shara biyu suka ajiye tsintsiya suka rungume ta, wata mai tura keke ta ce ita ce ta koya mata aiki. Su suka nemo keke mai kyau, su suka nuna mana layin da ya fi sauri. Babbar Sista tana zaune tana jin duk wannan. Likita ya duba ya ce da an ƙara mako guda da yatsan ya tafi, wataƙila har da abin da ya fi yatsa. Aka wanke, aka ɗaure, aka ce a riƙa kawo ta duk bayan kwana biyu.

Wata biyu ana wannan zirga-zirga. Inna ta tsara masu ɗaukar kujera kamar jadawalin aiki, ta sa matan coci biyu suna zuwa share ɗakin, ta karɓi lambar babbar 'yar Sista ta kira ta ta wanke ta tas, sannan ta tambaye ta lafiyar yara. Duk da haka a gida ba ta daina cewa "waccan" ba. In ta dawo takan ce waccan ta ce shayin ya yi ruwa, waccan ta ce ba a iya ninke tawul ba. Sai dai yanzu tana faɗa tana dariya.

Maganar agogo ba ta taso ba sai da gyambon ya rufe. Ina wurin, ina wanke kofuna a ɗan kicin ɗin, ƙofa a buɗe. Inna tana ƙasa tana shafa mata mai a dunduniya. Babbar Sista ta fara magana tana kallon taga. Ta ce ranar da aka kawo mata agogon daga ɗakin wanki ta rubuta takardar ban haƙuri har sau biyu ta yaga. Ta ga kamar in ta ba mai shara haƙuri, sashen ba zai ƙara jin tsoronta ba, ita kuwa a lokacin ba ta san wata hanyar riƙe mutane ba sai tsoro. Ta ce ta tuna burodin da ya gangara ƙarƙashin gado, ta sha ganinsa a ranta.

"Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da murza dunduniyar har man ya shige. Sannan ta ce ta yafe, amma ba yau ta yafe ba, kuma ba gaba ɗaya ta yi shi ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa fita, duk hawa bene da ɗan abin da yake raguwa. Ta ce ita ma tana da nata laifin da za ta faɗa. Shekara ashirin tana kwaikwayon tafiyar Sista a tsakar gida, jikokinta suna dariya.

Na ajiye kofin da ke hannuna, don na ɗauka an ɓata komai. Babbar Sista ta ce a yi mata ta gani. Inna ta ce Allah ya kiyaye. Sista ta ce umarni ne, kuma a zo kusa da taga inda take iya ganin inuwar mutum. Sai ga surukata, mai shekara sittin da tara, ta ɗaga haɓa, ta kai hannu baya, tana taka ɗakin tana auna ƙasa, ta tsaya gaban labule ta shafa shi da yatsa ta duba ƙura. Tsohuwar ta yi dariya har tabarau ya zame, har tari ya sarƙe ta na kawo ruwa. Da ta samu numfashi ta ce hannun ba daidai ba ne, na dama ne yake riƙe na hagu, shekara ashirin ana yin ta ba daidai ba.

Da ƙafar ta warke sosai Babbar Sista ta ce zaman bene ya ishe ta, za ta riƙa bin zagaye. Ta fito da tsohuwar na'urarta ta awon jini daga akwati. Idonta ba ya ganin lambobin, don haka ita take ɗaurawa ta saurara, Inna ko ni mu karanta. Ta ƙwace kujerar gaba a mota, Inna da baho suka koma baya. Tsofaffin layin suka samu abu biyu a zama ɗaya, Inna tana ƙasa tana wanke ƙafa tana ba su labari, Sista tana sama tana yi musu faɗan gishiri. Mutum uku ta tura asibiti a shekarar farko, dukansu likita ya ce an yi dabara. Kafinta ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa faɗa mai daɗi irin wannan ba. Su biyun kuwa ba ranar da ba sa musu a mota, a kan hanya, a kan zafin ruwa, a kan wa ya manta sabulu. Baba ya daina kunna rediyo, ya ce abin da yake ji a kyauta ya fi.

Shekara uku suka yi a haka. Daga baya matakalar ta fi ƙarfin Sista, 'yarta ta zo ta tafi da ita can inda take aure. Ranar tafiyar ta bar wa Inna na'urar awon jinin, da dogon bayanin yadda ake ajiye ta. Inna ta raka ta har mota tana cewa ta tafi mana, ko a samu a huta da faɗa. Da muka dawo gida ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai da abincin rana ya huce.

Mu mun tashi daga gidan yanzu, muna layi uku daga su. Inna ta rage zagaye zuwa Talata kaɗai, don nata bayan ya fara magana. Mata huɗu a coci sun koya a hannunta, kowace da unguwar da take bi, ɗaya ma ba 'yar cocinmu ba ce, 'yar wani tsoho ce da ta ga ana yi wa babanta ta ce a koya mata. Inna takan bi su ba zato ta duba aikinsu, su kuma suna tsoron zuwanta fiye da yadda za ta yarda.

Makon jiya na leƙa da yamma na same ta a ƙofar kicin tana tsince shinkafa, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Sista ce. Tana ba ta labarin wani sabon tsoho da aka samu, tsohon mai ɗaukar hoto, wanda ya ɓoye a banɗaki da ya ji an ce ga masu baho nan. Daga inda nake ina jin muryar Sista tana tambaya ko an auna jininsa. Inna ta ce ta yaya za a auna jinin mutumin da ya kulle kansa a banɗaki? Sista ta ce a koma ranar Talata da wuri, kafin ya farga. Inna ta ce ai abin da ta shirya ke nan, ba sai an faɗa mata ba. Ta ɗago ta yi mini alama in zauna, ta turo mini tiren shinkafar da ƙafa, suka ci gaba da musunsu.